Jan Ruwan da Uwar Ɗaki Ta Ƙara

A sashen nan kowa Uwar Ɗaki yake kiranta, har Farfesa shugaban sashen, wanda ya girme ta da shekara goma. Ɗakin da ake nufi shi ne na ƙarshen baranda a hawa na biyu. Ba shi da taga, ƙofarsa biyu ce, kuma kafin mutum ya wuce ta biyun sai ya cire takalminsa ya sa na roba, ya sa farar riga, ya fesa wa safar hannunsa sifirit. A ciki akwai akwatunan ɗumi guda uku masu riƙe zafi daidai da na jikin mutum, da firiji, da madubin bincike, da teburin aiki mai murfin gilashi wanda ke busa tatacciyar iska. Shekara ashirin da uku mabuɗin ɗakin yana jakarta.

Ba da wannan matsayi ta fara ba. Tana da shekara goma sha tara aka ɗauke ta wankin kwalabe, bayan ta gama sakandare. Wani dattijon ma'aikaci ya lura hannunta ba ya rawa, kuma kwalbar da ta wanke ba a sake wanke ta, sai ya fara nuna mata aiki kaɗan kaɗan. Daga baya ta yi wani kwas na wata tara ta samu takarda. Iyakar karatunta ke nan. Amma ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku duk ta hannunta suke bi, kuma ta sha korar dakta daga ɗakin saboda ya yi magana a kan buɗaɗɗen faranti.

Abin da take reno ƙwayoyin halitta ne na asali, irin waɗanda ba su riga sun zama komai ba tukuna. In an bi da su ta wata hanya su zama ƙashi, ta wata su zama guringuntsi ko kitse. Daga igiyar cibiyar jarirai ake samo su, da yardar iyayensu mata. Takan zuba su a farantan roba masu shafaffen gindi, su manne, su shimfiɗe, su yi ta rabuwa har su rufe farantin kamar an shimfiɗa tabarma. Abincinsu wani jan ruwa ne mai sukari da sauran sinadarai. In sun ci suna fitar da tsami, tsamin kuma yana sauya launin ruwan, daga ja ya koma ruwan lemo, daga nan ya koma rawaya. Duk sabon ɗalibi sai ta gaya masa ranar farko: “Ja lafiya lau. Ruwan lemo, kuka suke yi. Rawaya kuwa, kada ma ka bari in gani.”

Ɗaliban sukan yi mata tsiya, wai ƙwayoyin har gaishe ta suke yi da safe. Maigidanta, wanda ya yi ritaya daga gyaran famfo, yakan ce, “Ke dai kin huta. 'Ya'ya miliyan, ba mai kuka, ba mai neman takalmi.” Ita kuwa ƙarfe shida da rabi take isa, kafin mai shara ma, ta buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya ta duba kowane faranti.

A shekararta ta arba'in da biyu a wurin, wata ɗaliba mai neman digiri na uku ta zo. Doguwa ake ce mata, don sai ta sunkuya take shiga ƙofar ta biyu. Tana da goyo a gida, mota biyu take hawa kafin ta iso, kuma tun ranar farko Mama take kiran Uwar Ɗaki. Jininsu ya haɗu. In Doguwa ta manta abincin rana, Uwar Ɗaki ta raba nata biyu.

Aikin Doguwa sabo ne a sashen. Ta ce a cikin jikin mutum ƙwayoyi ba a shimfiɗe suke zaune ba, kowace tana da maƙwabta sama da ƙasa da kowane gefe. Don haka ta kawo wasu faranta masu ƙananan ramuka da santsin gindi, inda ƙwayoyin ba su da abin mannewa sai junansu. Cikin kwana ɗaya sai su dunƙule su zama curi, kowane curi bai kai kan allura ba. Tana so ta gano ko zaman curi yana sauya yadda suke girma da yadda suke cin abinci. Tsarinta shi ne ta zuba musu jan ruwa ranar farko, ta auna sukarin da ke ciki, ta bar su kwana biyar ba wanda ya taɓa, ranar ta biyar ta sake aunawa ta ga nawa suka cinye, tsami nawa suka fitar. Kayan awon kaɗan ne, shi ya sa sau biyu kawai take aunawa.

Duk wannan ta bayyana shi a taron sashe, da hotuna a bango, da dogayen kalmomin boko, da sauri irin na mai tsoron kada lokaci ya ƙare mata. Uwar Ɗaki tana zaune a kujerar gaba tana gyaɗa kai. Ta gane batun curi. Batun kwana biyar ɗin ne ya wuce ta. Da aka gama Farfesa ya juyo ya ce, “Uwar Ɗaki, akwai tambaya?” Yara sa'annin 'ya'yanta suna kallonta. Ta ce, “Babu, ranka ya daɗe. Komai ya fito.”

Aka fara aiki ranar Litinin. Ranar Laraba da sassafe ta buɗe akwati na uku, ta ga farantan Doguwa jere, an manna musu takarda: KADA A TAƁA. Ta karanta. Amma irin wannan takarda ita ta saba rubuta wa mutane, bai taɓa zo mata a rai cewa za a rubuta ta dominta ba. Ta ɗaga faranti ɗaya a fitila. Na shimfiɗe, da Doguwa ta ajiye don kwatantawa, suna nan da jansu. Na curi kuwa sun wuce ruwan lemo, sun doshi rawaya.

Ranta ya sosu. Ta ce a zuciyarta yarinyar nan ɗawainiya ta yi mata yawa, ga goyo ga hanya, ta manta ne. In Farfesa ya gani zai yi mata faɗa a gaban mutane. Sai ta ɗumama jan ruwa, ta zauna, ta zuƙe rabin tsohon daga kowane rami a hankali ba tare da ta motsa curin ba, ta cika da sabo. Aiki ne mai wuya, ta kuma yi shi da kyau. Akwai littafi a bakin ƙofa da ake rubuta duk abin da aka yi a ɗakin. Ta ɗauki biro, ta ajiye. In ta rubuta ai ta tona wa yarinyar asiri ke nan.

Haka ta yi a zagaye na biyu, da na uku, har na bakwai. Wata huɗu. Kowace Laraba ta ƙara ruwa, ta wanke hannu, ta ji daɗin cewa ta rufa wa 'yarta asiri.

Doguwa kuwa murna kamar ta tashi sama. Awonta yana nuna cewa curin ba sa cin sukari sai ɗan kaɗan, kuma tsaminsu bai taka kara ya karya ba. Ba haka aka zata ba, kuma sau bakwai abu ɗaya yake fitowa. Farfesa ya sa ta rubuta rahoto, ya aika wa wata babbar cibiyar bincike da ke ɗaukar ɗalibi ɗaya horo na wata shida. Suka amsa cewa suna son ganinta. Ranar ta rungume Uwar Ɗaki a baranda ta ce, “Mama, albarkar ɗakinki ce.”

Ana cikin haka aka yi wa maigidan Uwar Ɗaki aikin ido, ta ɗauki hutun mako uku don jinyarsa. Cibiyar ta nemi a sake gwajin sau biyu kafin a kammala magana. Doguwa ta sake. Ranar ta biyar ruwan curin ya fito rawaya fatau, sukarin ya kusa ƙarewa. Ta sake, haka ya kuma fitowa. Sabon sakamakon ya ƙaryata tsohon gaba ɗaya.

Ranar da Uwar Ɗaki ta dawo, ta tarar sashen tsit. Mai shara ce ta tsegunta mata cewa an kafa kwamiti, ana zargin Doguwa da ƙirƙiro alƙaluma don ta samu tafiya. Ta shiga ɗakinta ta tarar da Doguwa tsaye gaban akwati na uku, idanunta sun kumbura.

“Mama, wallahi ban san me ya faru ba. Da ba sa yin rawaya haka. Yanzu tun Laraba suke juyawa.”

“To ai sai ki sauya musu ruwa,” in ji Uwar Ɗaki.

“A'a, Mama, ai ba a sauyawa. Gwajin ke nan. So nake in ga nawa suka ci a kwana biyar. In an ƙara musu ko ɗigo ɗaya, awon ya lalace.”

Sai a lokacin Uwar Ɗaki ta gane abin da ta yi. Ta dafa gefen firiji. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta ji kanta tana cewa, “Allah ya bayyana gaskiya.” Doguwa ta ce amin.

Washegari Farfesa ya tare ta a kan matakala. Ya ce yarinyar ta ce wataƙila wani ya taɓa mata kaya, shi kuma ya gaya wa kwamiti cewa wannan ba zai yiwu ba, ɗakin Uwar Ɗaki ne, ƙuda ma ba ya shiga sai da izininta, ga littafi nan kuma ba a rubuta komai ba. “Amma dai in tambaye ki don cika ƙa'ida. Kin ga wani yana taɓa farantanta?”

Ta ce, “Ban ga wani ba, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “Na sani,” ya wuce.

Kwana tara ta yi da wannan magana a cikinta. Tana zuwa aiki shida da rabi kamar kullum, amma ta daina cin abinci a ɗakin hutu, don kada su haɗu da Doguwa. In ta ji takun takalminta a baranda sai ta shige ma'ajiyar kaya ta tsaya tsakanin kwalaye har ta wuce. Mace mai shekara sittin da ɗaya, mai jikoki huɗu, tana ɓuya a bayan kwalin safar hannu. Ta yi ta kawo wa kanta hujja. Ai da kyakkyawar niyya ta yi. Ai kwamiti zai gane yarinyar ba maƙaryaciya ba ce. Ai saura shekara biyu ta yi ritaya. Kowace hujja in ta juya ta sai ta ga ba ta da gindi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne da sunanta mai kyau ake dukan yarinyar.

Ranar Asabar da la'asar tana ɗiga wa maigidanta maganin ido, sai ɗigon ya kauce ya sauka a kumatunsa. Ya ce, “Yau kuma? Shekara arba'in ban taɓa ganin hannun nan ya kuskure ba.” Sai ta zauna a bakin gado ta gaya masa komai. Ya saurare ta, ido ɗaya a rufe da auduga.

Ya ce, “Ƙara ruwan kuskure ne, kowa yana yi. Ni ma na taɓa haɗa bututu a juye, gidan mutum ya cika da ruwa. Amma abin da kika gaya wa Farfesa a matakala fa?”

“Ai ban yi ƙarya ba. Ban ga wani ba.”

“To,” in ji shi. “In kin gamsu shi ke nan. Ɗiga min ɗayan.”

Duk da haka Litinin ta zo ta wuce ba ta ce komai ba. Ranar Talata da hantsi Doguwa ta same ta a ɗakin, ba hanyar gudu. Ta rame, rigar aikinta ta yi mata yawa.

“Mama, alfarma nake nema. Jibi kwamiti zai zauna. Na fara tunanin ko ni ce nake wani kuskure ban sani ba. Ko hannuna ne, ko lissafina. Ki zauna ki kalle ni ina aiki, ki gaya min inda nake ɓatawa. Ke kaɗai ce za ki gani.”

Uwar Ɗaki ta ja kujera ta zauna a bayanta. Kusan awa ɗaya tana kallon hannun yarinyar. Yadda take fesa sifirit, yadda take buɗe murfi da ɗan yatsa ba ta ajiye shi ba, yadda take karkata faranti. Duk ita ta koya mata, kuma ba inda ta kauce. Da ta gama ta juyo ta ce, “Ina ne, Mama?”

“Babu. Hannunki lafiya lau.” Sannan ta ce, “Ni ce. Kowace Laraba ina zuƙe rabin ruwan curin ina zuba sabo. Tun zagayen farko. Na ɗauka mantawa kike yi.”

Doguwa ta tsaya kallonta kamar ba ta ji yaren ba. Can ta ce, “Sau bakwai ɗin?”

“Sau bakwai.”

“Ba ki ga takardar ba?”

“Na gani.”

“Yaushe kika gane?”

Nan ne Uwar Ɗaki ta so ƙasa ta tsage. Ta ce, “Ranar da na dawo.”

Doguwa ta ƙirga da ido. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta mayar da farantin cikin akwati, ta rufe a hankali, ta cire safar hannu ta jefa a kwando. Ta ce, “Kwana tara. Mijina ma ya tambaye ni ko na yi.” Ta sunkuya ta fita.

Uwar Ɗaki ta hau ofishin Farfesa da ƙafarta. Ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, “Me ya hana ki tambaya tun ranar taro?” Ta ce, “Kunya, ranka ya daɗe.” Ya ce, “Ni kuma na rantse wa kwamiti a kanki.” Ya ba ta takarda da biro ta rubuta bayani da hannunta. Ranar Alhamis ta tsaya gaban mutum biyar ta karanta, biyu daga cikinsu ita ta koya musu riƙe kwalba. Ta karanta har wurin matakala, ba ta tsallake ba, ko da yake a sashen ba wanda ya san da wannan sai ita da Farfesa.

Aka wanke Doguwa. Aka ba Uwar Ɗaki takardar gargaɗi, aka ce daga yau mabuɗi zai zauna a ofis, kowa ya sa hannu ya ɗauka, har ita. Farfesa ya rubuta wa cibiyar bayani, suka amsa da ladabi cewa sun gane, amma sun riga sun ba wani ɗalibi gurbin.

Doguwa ta sake aikin daga farko. Da yake ɗakin ɗaya ne, dole suka ci gaba da aiki kafaɗa da kafaɗa. Gaisuwa ba ta yanke ba, sai dai Mama ta koma Malama. Uwar Ɗaki ba ta nemi a mayar mata ba. Abin da ta koya shi ne tambaya. Takan tsaya a taro, gaban yara, ta ce, “Ban gane ba, a maimaita min,” kuma kowane karo sai ta ji fuskarta ta yi zafi.

Wata rana ta tambayi Doguwa me ya sa curin ke saurin juya ruwa haka. Doguwa ta ɗauko wani siririn gilashi ta sa a madubi. Curi ne aka yanka shi tsakiya aka rina. Ta ce, “Duba, Malama. Na bakin nan suna samun iska da abinci. Na tsakiya iska ba ta isa gare su sosai, sai su koma cin sukari da yawa suna zubar da tsami. In curin ya yi girma da yawa, na can ciki mutuwa suke yi.” Uwar Ɗaki ta daɗe da ido a madubin. Zobe mai haske a waje, duhu a tsakiya. Shekara arba'in tana kallon ƙwayoyin nan daga sama, ba ta taɓa ganin cikinsu ba. Ta ce, “Na gode.” Doguwa ta ce, “Ba komai,” ta zare gilashin.

Doguwa ta gama da jinkirin shekara guda. Abin da ta samu a nata gwajin shi ne ƙananan curi sun fi manya lafiya, suna rabuwa a hankali fiye da na shimfiɗe, kuma cinsu daban ne. Ta samu aikin koyarwa a wani gari ta tafi. Ranar tafiyarta ta leƙo ɗakin ta yi sallama daga bakin ƙofa ta farko, ba ta cire takalmi ba.

Bayan Uwar Ɗaki ta yi ritaya da 'yan watanni, Farfesa ya aiko mata da kwafin kundin Doguwa, mai baƙin bango, ya ce marubuciyar ce ta ce a ba ta. Autarta ce ta buɗe, tana zaune a hannun kujera. Ta ce, “Umma, ga sunanki a shafin godiya! Bari in karanta miki. An ce ke kika koya mata—”

“Bar shi.”

“Layi biyu ne fa kawai.”

“Na ce ki bar shi. Sa min shi a saman kabad.”

Autar ta hau kujera ta ajiye shi, tana gunaguni. Uwar Ɗaki ta tashi ta fita kwashe shanya, don hadari ya haɗo.